Motar da Ba Ta Iya Sallama Ba

Kusan shekara biyu mahaifina yana ɓoye mini cewa ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, kuma tsohuwar motar da nake tuƙawa ce ta taya shi ɓoyewa. Ban gane ba sai ranar da aka canja mini mota.

Ni direba ne a wata ƙungiya da ke tallafa wa manoman shinkafa na fadama, ofishinmu yana Gummi. Aikina in ɗauki iri da taki da injunan ban-ruwa in kai Bukkuyum, in kai Anka, in dawo da abin da aka ba ni. Ƙauyenmu yana kan hanyar Gwashi, ana ɗan ratsewa daga titi. Duk mako biyu, in aiki ya bi da ni ta can, nakan saci jiki in leƙa gida na awa guda. Shugabar ofishinmu ta sani, ta kau da kai.

Motar da na fara da ita a-kori-kura ce fara, wadda ta sha wuya a hannun direbobi uku kafin ta zo hannuna. Salansarta ta fashe tun ban san ta ba, masu walda na Gummi sun liƙa har sun gaji da ganina. Kafin garinmu akwai wani mashigin rafi, bayansa tudu. A nan dole in sa ta a giya ɗaya in taka mai iya ƙarfina, ta yi tari sau biyu, sannan ta haye tana ihu kamar injin niƙa. Daga wannan tudun ake jin ta a tsakar gidanmu. Daga nan zuwa ƙofar gida kuwa, saboda yashi da ramuka, sai na yi minti goma sha biyar. Na sha zagin motar nan a fili, na sha yi mata fatan wuta.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Inna ma haka, ita da ke da jinin Fulani nata ya fi tsanani, in za ta yi mini magana sai ta dubi tukunya ko bango ta ce, "Kai wanga." Ƙannena sun hau cinyar Baba sun ja masa gemu, ni kuwa tun ina ƙarami na koyi durƙusawa daga nesa, ido a ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta iyaye da ɗan fari, kuma ban taɓa jin haushinta ba sai daga baya.

Saboda haka gaisuwarmu ba ta da tsawo. In na shiga nakan same shi zaune a kan buzu, ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinsa, ya jingina da bango. Babbar riga ta rufe shi har ƙafa, hula a kansa, rediyo a gefe, carbi a hannu. Ni kuma in durƙusa kusa da rumbu, taku biyar tsakaninmu.

"An iso lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ya hanya?"

"Da godiya."

"Madalla. A gaida mutanen gida."

Shi ke nan. In tashi in je wajen Inna in sha fura, in ajiye abin da na kawo, in kama hanya. Har alfahari nake a ofis, ina cewa tsohona yana nan garau, kullum fes da shi kamar mai jiran baƙi. Mutumin da duk rayuwarsa bai san zama ba, wanda ya noma gero da dawa da hannunsa, ya ci kasuwannin yankin nan da ƙafa, na ɗauka ya yarda ya huta ne. Ban taɓa tambayar kaina me zai sa manomi ya sa babbar riga da hantsi a tsakiyar damina ba.

A ƙarshen wata bazara aka kawo mana sabuwar mota, a-kori-kura mai aiki da lantarki. Aka kafa faifan sola a harabar ofis, aka kafa wani a ma'ajiyarmu ta Anka, nan ake yi mata caji kamar waya. Kwana uku wani mutum yana koya mini ita, ni da na yi shekara ashirin a kan sitiyari. Ba ta shan mai, ba a yi mata juyen baƙin mai, ba ta da kuloci. Ka taka ta tafi, ka ɗaga ƙafa ta rage gudu da kanta, wai har tana mayar da cajin cikin batir. Ranar farko na buɗe bonet don in gaisa da inji, na tarar da akwati wayam. Daga baya nan nake zuba albasa.

In faɗi gaskiya, motar nan ta shiga raina, kuma ta sa mini girman kai. Buhun shinkafa in aka cika mata baya ba ta ko nishi. Tana da wani maɓalli, in ka danna sai ta durƙusa ƙasa kamar raƙumi don a ji daɗin lodi, in ka sake dannawa ta miƙe ta tsallake kwari. A bayanta akwai soket. Wata rana a fadamar Gummi injin wani manomi ya mutu, shukarsa na neman ƙonewa, na jona famfon lantarki a jikinta muka ba gonar ruwa har azahar, mutane suka taru suna kallo ni kuma ina hura hanci kamar ni na ƙera ta. Gabanta akwai allo mai nuna saura caji nawa da inda zai kai ka, da abin da ke bayanka in za ka yi ribas.

Abu ɗaya ne ba ta da shi, ƙara. An ce tana da wani ɗan sauti da take yi in tana tafiya a hankali, amma kukan kaza ya fi shi. Awaki ba sa matsa mata. Shanu sai na leƙo na yi musu tsawa da baki. Wata Bafulatana mai tallan nono ta waiwayo ta gan ni dab da ita a hanyar Bukkuyum, ta dafe ƙwaryarta ta wanke ni tas da Fulatanci, na ci sa'a rabi kawai na gane. Duk wannan dariya yake ba ni. Har ina cewa a irin hanyoyinmu na yanzu, da ba a bin su bayan la'asar, motar da ba a jin zuwanta rahama ce.

Ranar da na fara kai ta gida Talata ce, da hantsi, an yi ruwa kwana biyu kafin nan. Rafin ya kawo har gwiwa. Na ɗaga ta, ta ratsa, ta haye tudun ba tari ba ihu. Ina ta murmushi ni kaɗai, ina tsara yadda zan buɗe wa mutanen unguwa bonet su ga albasa. Na tsaya a ƙofar gida, ko kazar da ke tono a bakin zaure ba ta ɗaga kai ba. Unguwar shiru, kowa yana gona. Na shiga zaure na yi sallama ina tafiya, irin sallamar ɗan gida da ba a jiran amsarta.

Baba yana ƙasa a tsakar gida. Yana zaune a kan wani tsohon buhun taki, Inna ta kama bakin buhun da hannu biyu tana ja da baya da baya, ta ɗauko shi daga bayan gida za ta kai shi ɗaki. Shi kuma yana tura ƙasa da tafin hannu yana taya ta. Ba riga a jikinsa, sai wando da aka naɗe har gwiwa. Ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana ƙyalli, daga ƙugu zuwa sama kuwa ƙashi ne kawai. Kansa ba hula. Tun da nake ban taɓa ganin kan mahaifina ba hula ba, ban san ya yi fari haka ba. Buhun ma na gane shi, ni na kawo shi da taki a ciki. A ƙasa akwai wata hanya mai santsi da jan buhun ya fitar, daga bayan gida zuwa ƙofar ɗaki. Na sha tsallake ta, na ɗauka ruwan sama ne ya yi ta.

Ya ɗago kai muka haɗa ido. Ya ɗauke hannu ɗaya daga ƙasa ya ɗora a kansa.

Inna ta saki buhun ta miƙe tana haki. Ba ta dube ni ba, ta dubi rumbu, ta ce, "Ba mu ji mota ba."

Na ja da baya na koma zaure. Ban san wanda ya koya mini haka ba, ƙafafuna ne suka yi da kansu. Na zauna a kan dakali, ina jin ƙarar buhu a kan ƙasa, a ja a tsaya, a ja a tsaya. Na ji an zuba ruwa. Na ji an kakkaɓe buzu. Can sai na ji an kunna rediyo, sannan muryar Inna: "Shigo."

Yana zaune a inda na saba samunsa, da babbar riga da hula da carbi. Na durƙusa kusa da rumbu.

"An iso lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ya hanya?"

Ya jira ni har na iya cewa da godiya, ya ce madalla, a gaida mutanen gida.

A bayan rumbu na tare Inna, tana wanke ƙwarya da ba ta da datti. A nan na ji komai. Abin ya fara da kumburi, ya koma dafa bango, ya koma rarrafe. An yi saƙe-saƙi, an yi rubutu an sha. Ƙanwata da ke aure a ƙauyen gaba ta sani, Baffa ƙanen Baba ya sani, an sa su sun yi alkawari ba za su faɗa mini ba. Da zarar an ji tarin motata a kan tudu, Inna za ta ajiye ko me take yi, ta jawo shi ƙarƙashin rumfa, ta goge masa fuska, ta zura masa riga, ta ja ta ta rufe ƙafafun, ta sa masa hula. Minti goma sha biyar ɗin nan yana isarsu daidai.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. A ranar na ɗaga wa mahaifiyata murya, abin da har yau in na tuna nake jin nauyinsa. Na ce ni ba ɗa ba ne? Na ce ina da mota a hannu, ina wuce asibiti biyu duk mako, a bar mutum yana jan ƙasa shekara biyu? Ta bar ni na gama. Ta kife ƙwaryar, ta ce da bango:

"Shi yac ce kada a hwaɗa ma. Kai kuma shekara biyu kana zuwa, ka taɓa ɗaga ido ka dube shi?"

Amsa ta zo mini har baki, in ce wa ya hana ni ɗaga idon tun ina yaro. Ban faɗa ba. Gaskiyarta ce, kuma ita ta ja buhun, ba ni ba.

Ba zan iya tunkarar Baba da maganar asibiti da bakina ba, sai na bi ta wajen Baffa. Sau biyu yana zuwa yana dawowa da a'a. A karo na uku ya gano inda matsalar take. Ba asibitin Baba yake gudu ba. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne a ciccibe shi a fito da shi ƙofar gida mutanen unguwa suna kallo, shi da ake kawo wa ƙara a kan iyakar gona. Kuma ya san in motata ta tsaya a ƙofa, duk wanda ke kusa sai ya leƙo. Na ce wa Baffa ya gaya masa wannan motar ba waccan ba ce, ai ya gani da idonsa, ko in ce bai ji ta da kunnensa ba. Da haka Baba ya yarda.

Shugabar ofis ta ba ni motar yini guda. Na cika ta da caji a Gummi, na iso da hantsi lokacin da gari ya watse zuwa gona. Na yi ribas ina kallon allo har ƙofarta ta zo daidai bakin zaure, na danna maɓalli ta durƙusa. Ba wanda ya leƙo. Baffa ya sunkuya zai ɗauki Baba, bayansa ya ƙi. Sai ni. Na sa hannu ɗaya a bayansa ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa na ɗaga. Na shirya wa nauyi, sai na ji bai kai rabin buhun shinkafa ba. Ya kau da fuska, ni ma na kau da tawa, amma ina jin numfashinsa a wuyana. Na zaunar da shi a gaba, na kwantar masa da kujera kaɗan, na ɗaura masa bel. Baffa ya shiga baya, kafin mu kai titi ya yi barci.

Mun yi nisa ba wanda ya ce uffan. A tsohuwar motar shiru ba ya damun kowa, inji ne ke magana a madadinku. A wannan kuwa ina jin ƙwayoyin carbinsa suna haɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Sanyi yana fitowa a hankali, ramukan hanya tana shanye su ba ta jijjiga shi.

"An tashe ta kuwa?" in ji shi.

"Tahiya mukai, Baba. Mun wuce rahi tun ɗazu."

Sai ya ce, "Motagga ba ta iya sallama ba."

Na yi 'yar dariya don na ɗauka wasa ne, wataƙila ma wasan ne. Amma sai ya ci gaba. Ina jin abin da ya sa ya iya, dukanmu gaba muke kallo, ba mai ganin idon wani. Tsawon rayuwata bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba.

"Waccan, tun daga tudu nika jin ta. In ta yi tarin nan nata sau biyu, in ce ma tsohuwa, ga shi nan, shina lahiya. In za ka koma kuma, sai in kashe rediyo in saurara har ta haye. In ta haye, na san ka kusa titi, sannan in ci abinci."

Na riƙe sitiyari da kyau. Na ce, "Baba, don mi ba a hwaɗa mani ba?"

"Kana da aiki, kana da ɗiya. In ka sani, kullum kana bisa hanyagga, ka kuwa san yadda take yanzu." Ya ja carbi biyu ko uku. "Kuma ba ni so ka gan ni ƙasa."

Gonakin gero suna wucewa ta gefe, na yi ta goge ido da bayan hannu ina cewa sanyin motar ne ya yi yawa.

A asibitin Anka aka ɗebi jini aka ɗebi fitsari. Na kai motar ma'ajiyarmu na jona ta na dawo da ƙafa. Wajen azahar likitan ya kira ni waje, saurayi ne mai sanyin magana. Ya ce ƙoda ce, duka biyun sun gaji. Ya ce da bara aka kawo shi, da akwai abin da za a iya tarewa da magani. Yanzu sai dai a kai shi birni a riƙa wankin ƙoda, shi ma a yadda jikinsa yake ba ya jin zai ɗauka da nisa. Bai ce laifin kowa ba ne. Ni na lissafa da kaina sau nawa na durƙusa taku biyar daga ƙafafun nan a cikin barar da yake faɗa.

Baffa ya kai wa Baba maganar birni. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "A maishe ni gida." Aka ba mu magungunan rage kumburi, muka juyo don mu riga la'asar.

Bayan mako guda na sake zuwa, don shugabar ofis ta gyara mini hanyar aiki yadda zan riƙa bi ta gida duk mako. Da na haye tudun sai na taka birki na tsaya. Yanzu na sani, sun san na sani. Abin da hankali zai ba mutum shi ne ya wuce kai tsaye, ya shiga ya karɓi buhun daga hannun tsohuwa. Na daɗe ina kallon hanyar. Sai na ɗora hannu a kan hon na danna sau biyu, dogo dogo. Na gangara a hankali, na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya a bakin gari ina kallon agogon allo har minti goma sha biyar suka cika.

Na same shi a kan buzu, da riga da hula. An iso lahiya, lahiya lau. Bai yi maganar hon ba, ni ma ban yi ba. Da zan koma, ina kaiwa kan tudu na sake dannawa sau biyu.

Haka muka yi ta yi har damina ta ja baya. Matata ta ce wahalar da Inna kawai nake, tun da asiri ya riga ya tonu a bar tsohon ya kwanta abinsa mana. Na yi mata faɗa, ko da yake ban tabbata ba ita ce mai gaskiya ba. Abin da na iya shi ne na sayo keken guragu na ɗauko a bayan motar, na ajiye a zaure ban ce da kowa komai ba. Ban taɓa ganinsa a kai ba. Amma zuwa na biyu hanyar buhun ta fara shafewa, sawun taya biyu ya fito a gefenta.

Akwai abu guda da motar ta yi masa wanda ya yaba. Kumburin yana sa shi jin zafi ko da an yi ruwa, garinmu kuwa ba wuta. Sai na zo da doguwar waya da fanka, in jona a soket ɗin baya, in zuro wayar ta zaure har ƙarƙashin rumfa. Zai lumshe ido iska tana kaɗa masa gemu. Wata rana ya ce, ba da ni ba, da rediyonsa, "Wagga kam ta yi abin kirki." Awa guda ce kawai a mako. In lokacin tafiya ya yi, ni ke zuwa in kashe fankar da hannuna, kuma ba abin da na tsana a ranar kamar wannan.

Zuwana na ƙarshe yana da rai, an fara yankan gero. Na yi hon, na jira a tsamiya, na shiga. Buzun yana nan a shimfiɗe ba kowa a kai. Inna ta nuna mini ɗaki da haɓa. Yana kwance a kan gado, ba a iya zaunar da shi ba, ba a iya zura masa rigar ba, an dai lulluɓa masa ita. Amma hular tana kansa, a karkace saboda matashi. Na durƙusa a bakin ƙofa. A wannan karon na ɗaga ido na dube shi sosai, shi ma bai kau da kai ba.

"An iso lahiya?" Da ƙyar na ji.

"Lahiya lau, Baba."

"Na ji hon," ya ce.

Ranar Alhamis da safe ya rasu. Sai da ƙanwata ta hau tudu ta sami sabis ɗin waya, kiranta bai same ni ba sai bayan azahar, ina fadama. Kafin nan an riga an kai shi. Hanya kuma ba ta biyuwa da yamma. Ban sami sallarsa ba, ban sa hannu a makararsa ba, ni ɗan fari mai motar da ba ta gajiya.

Washegari da sassafe na kama hanya. Ban san yadda na yi tuƙin ba. Na ratsa rafi, na haye tudu, sai kawai na ji hon yana tashi, sau biyu, dogo dogo. Sai da ƙarar ta mutu na ga hannuna a kai. Na gangara na tsaya ƙarƙashin tsamiyar, ba don ina jiran kowa ya shirya ba, don ba zan iya shiga cikin mutane da fuskar da nake da ita ba. A nan na yi kukan da ban yi a Gummi ba.

Ƙofar gida cike da masu gaisuwa. Na zauna da Baffa muka karɓa har rana ta take. Da mutane suka ragu na shiga wajen Inna. Tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗakinta, ta lulluɓa, ta ba ƙofa baya. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa. Na yunƙura zan tashi sai ta ce:

"Kai wanga. Ka yi hon."

"Na yi, Inna. Mantuwa ta. Ki yi haƙuri."

"Ina tsakiyar mata nij ji shi. Sai da nit tashi nid ɗauko hula bisa ƙusa kahin in tuna."

Sai a lokacin na lura da abin da ke kan cinyarta, ƙarƙashin mayafi. Tana shafa ta da babban yatsa. Na ce ba zan ƙara ba, in Allah ya yarda, daga yau zan riƙa shigowa shiru.

Sai ta ce da bangon da ke gabanta, "In za ka koma, ka yi bisa tudu. Ba shi ɗai ka saurare ba, har da ni."

Da la'asar ta gabato na yi sallama da Baffa na shiga mota. Ina kaiwa kan tudun na sauke gilashi, na danna sau biyu.